Rasuwar Farfesa Bastiana Tedde, Mai Dashen Murjani ta Portu Arbu

Cikin alhinin da har yau bai sassauta mana ba, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji Mai rayawa Mai kashewa, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Nutso, Masassaƙa da Masu Binciken Murjani ta Portu Arbu tana sanar da 'ya'yanta na gida da na nesa, da abokan aikinta na jami'o'i, da ɗaukacin jama'ar gaɓar yammacin Sardiniya, cewa ta sami labarin rasuwar uwarta, jagorarta, kuma shugabar sashenta na bincike, Mai Girma Farfesa Bastiana Tedde, 'yar fari ga shahararren mai nutson nan, marigayi Tziu (wato Kawu) Pantaleo Tedde, wadda Allah ya karɓi ranta a asibiti a birnin Sassari, bayan jinyar da ta yi ta ɓoye mana har sai da ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Ta bar duniya tana da shekara sittin da uku. An yi mata addu'a a cocin gari, an kai ta makwancinta a maƙabartar kan tudu, kuma tsofaffinmu ma sun kasa tuna rabon da garin nan ya ga taro irin na ranar.

Jama'a da dama sun yi ta tambayar abin da ya hana Ƙungiya buɗe baki har aka yi jana'iza, masu zaman makoki suka fara watsewa, alhali jami'o'in ƙasashen waje ma sun riga mu aiko da nasu saƙon. Ba mantuwa ba ce, ba kuma rashin ladabi ba ne. Mun yi shiru ne saboda ba mu san da wane baki za mu yi wa ƙaninta, babban mai nutso Gavino Tedde, ta'aziyya ba. A ranar da ta cika, alkawarin da ya ɗaukar mata ya faɗi, kamar yadda al'adar masu nutso ta tanada, kuma dutsen murjanin nan na ƙarƙashin teku da ake kira Sa Mama, wanda duk aikinmu ya rataya a kansa, ya koma hannunsa shi kaɗai, ya sare ko ya bari, ga shi kuma lokacin sara ya ƙarato. Da mun yi ta'aziyya a wancan lokacin, roƙo za a ji a cikinta, mu kuwa ba mu so mu haɗa gaisuwar mutuwa da bara.

Marigayiya ta tashi ne a gidan da ake cin abinci daga ƙarƙashin ruwa. Tun tana ƙarama ita ke zama a bakin ƙofa tana ware rassan murjanin da mahaifinta ya fito da su, manya gefe, ƙanana gefe, kuma tun a lokacin ta fi kowa a gidan yawan tambaya. Gidan Tedde, kamar kowane gidan masu nutso a garin nan, yana da dutsensa wanda ba wanda ya san inda yake sai maigidan. Ba a rubuta shi, ba a zana shi. Idan ƙarfin uba ya fara ja baya sai ya ɗauki ɗa namiji guda ɗaya a jirgi, ya kai shi wurin, ya nuna masa alamomin tudu da ake daidaitawa da ido, ya raɗa masa a kunne ko da kuwa daga su sai tsuntsayen teku. Matar gida ba ta ji, 'ya ba ta ji, Fada ma ba ya ji a ɗakin furta zunubi. Ranar da Bastiana ta yi ƙarfin halin tambayar mahaifinta inda Sa Mama yake, ya ba ta amsar da ta yi shekaru tana ba mu dariya da ita: "Ke Bastià, dutse ba na mata ba ne. Yau in faɗa miki, gobe ki yi aure, jibi surukai su gaje ni da raina. Tashi ki kawo mini burodi da cuku." Gavino aka kai yana ɗan saurayi, ita kuwa aka bar ta a bakin gaɓa tana kallon jirgi.

Ko ba ta yi fushi ba ne, ko ta yi ta haɗiye, ba mu sani ba. Karatu dai ta tafi. Ta karanci halittun teku, ta koyar a ƙasashe, ta kai matsayin da ake gayyatarta taro a biranen da mu sai a talabijin muke ganinsu. Amma duk hutun da ta zo sai ta tarar rassan da ake warewa a bakin ƙofofi sun ƙara sirancewa. A zamanin kakanninmu, da ake jan gicciyen katako mai raga a ƙasan ruwa yana karya duk abin da ya tarar, an ci rabon jikoki tun ba a haife su ba. Aka hana gicciye, masu goyon tukunyar iska suka bi sauran da gatari. Reshen da ya kai kaurin babban yatsa a ƙuruciyarta ya koma kamar tsinken tsintsiya. Sannan shekarun zafi suka zo, ruwa ya ɗumama har can ƙasa inda bai saba ba, naman murjani ya riƙa saɓulewa daga jikin reshe, sai a wayi gari murjanin bangon dutse guda na ƙarƙashin ruwa ya mutu a tsaye cikin bazara ɗaya. A shekarar da abin ya fi muni ta tattara ta dawo gida, ta nemi aron tsohon ɗakin da ake busar da ƙwan kifi a bakin matsayar jirage, ta ce a nan za ta yi aikinta.

Abin da Mai Girma Farfesa ta gina a wannan ɗaki shi ne Ƙungiya take tinƙaho da shi a yau a gaban masana na ko'ina. Ita ce ta kafa tankunan ruwan sanyi da ake jinyar rassan da suka karye har su farfaɗo. Ita ce ta daddasa ma'aunan zafi a bangayen teku tun daga sama har ƙasa, waɗanda suka nuna mana zurfin da zafi ke tsayawa, wato inda dashe zai iya rayuwa. Ita ce ta koya wa masu nutsonmu, waɗanda hannunsu bai san komai ba sai sara, yadda ake liƙa reshe a jikin dutse da wani irin gam mai kamawa a cikin ruwa. Ita ce kuma ta kawo mana allunan marmara da ake jerawa kusa da tsohon murjani, don 'ya'yansa, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, su sauka a kai a ɗauko su a kai su inda aka yi asara. Har na'ura mai nutso da kanta ta samo mana, mai fitila da kyamara, wadda masu nutso suka laƙaba wa suna Suruka saboda ba abin da ke ɓoye mata. Da wannan na'ura, da ta ga dama, da ta gano dutsen kowane gida kafin wata ya mutu. Ta ƙi. Da ɗalibanta suka matsa mata, cewa ta yi, "In na saci dutsen mutum da inji, wa zai ƙara ba ni kofi a garin nan? Ku bar su, da ƙafarsu za su kai ni."

Ƙungiya ba za ta ɓoye cewa dashenmu na farko ya tashi a tutar babu ba, domin marigayiya da kanta ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ta raba wa gidaje gam, ta ce kowa ya dasa. Abin da ba ta yi lissafi da shi ba shi ne halinmu. Kowane maigida ya je dutsensa shi kaɗai, ya ɓallo rassa daga tushe guda don kada ya daɗe a wurin a gan shi, ya kai su wani lungu can nesa da na maƙwabcinsa, ya liƙa, ya dawo yana fito kamar kamun kifi ya je. Rassan suka kama, suka yi ja gwanin sha'awa, shekara ta bi shekara, amma ko ɗa ɗaya ba a gani ba. Sai da ta bi lungunan da aka yarda a nuna mata, ta ɗebo ɗan guntu-guntu ta duba a madubin bincike, sannan ta gano abin da ya faru. Jan murjani yana da namiji yana da mace, reshe kuma jinsin tushensa yake ɗauka, kuma idan ba kusa da juna suke ba babu haihuwa. Duk wanda ya halarci taron da ta kira a ɗakin tankuna yana tuna yadda ta cire tabarau ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kai, jama'ar Portu Arbu! Kun gina gidan tuzurai a arewa, kun gina na 'yan mata a kudu, kun sa teku a tsakani, kun dawo kun zauna kuna jiran a kira ku baftisma!" Dattijo Tziu Nanni Fiori, wanda bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ya ce daga bayan ɗaki, "To Farfesa, sai ki ɗaura musu auren mana, tunda naki ya gagara." Ta fi kowa dariya. Amma daga ranar ba ta ƙara yarda a yi dashe a ɓoye ba.

Abin da ya biyo baya shi ne aikin da ya fi kowane wahala a rayuwarta, kuma babu na'urar da ta taya ta. Gida-gida ta riƙa bi, ta sha kofi, ta sha baƙar magana, ta koma washegari, har masu gidaje suka fara kai ta duwatsunsu ɗaya bayan ɗaya, kowa da ranarsa, kowa kuma da rantsuwar cewa ba za ta faɗa wa na kusa da shi ba. A kan ruwa, a saman dutsen, mutum zai kama hannunta ya ce, "Muddin kina numfashi, gatarina ba zai taɓa shi ba." Ta so ƙwarai a ce Ƙungiya aka yi wa alkawarin, ba ita ba, amma aka ce mata Ƙungiya ba ta da hannun da za a kama, alkawarin dutse kuwa tsakanin rayayyu biyu ake yin sa, in ɗaya ya tafi ya warware. Ta karɓa a haka don ba yadda za ta yi. Mai haƙuri, in ji masu magana, yakan dafa dutse, ita kuwa duwatsun gari guda ta ɗora a wuta.

Gavino ne ya zo ƙarshe, kuma ko da ya zo, rabi ya zo. Sa Mama yana ƙarƙashin wata rumfar dutse ce da gicciye bai taɓa iya shiga ba, a zurfin da zafi bai kai ba, kuma a can ne kaɗai ya rage tsohon murjani mai kauri, maza da mata a cakuɗe, yana haihuwa kowace bazara. Ya yarda ya kai ta, ya kuma yarda ya kama hannunta, amma bai yarda ta ga hanya ba. Duk garin nan ya sha kallon abin: Farfesa guda, wadda ake tashi tsaye idan ta shiga zauren taro, za ta ajiye wayarta da agogonta a hannun matarsa, Uwargida Lughia, ta kwanta a cikin jirgi, ƙaninta ya lulluɓe ta da tamfol mai ƙarnin kifi, ya yi ta kewaye da ita a teku har ta rasa gabas da yamma, sannan ya tsaya. Uwargida Lughia, wadda ke riƙe musu igiya idan sun nutsa, ta rantse ba ta taɓa ɗaga kai ta dubi tudu ba, mun kuma yarda da ita saboda mun san mijinta. Marigayiya ta ce ranar da ta fara ganin wurin kuka ta yi a cikin gilashin fuskarta har ta daina gani. Daga wannan dutse ne aka samo duk wani ɗan murjani da ke girma a bangayenmu a yau. Ko a yanzu da ake karanta wannan sanarwa, allunan bana suna can a jere a ƙarƙashin rumfar suna jiran haihuwar watan Yuli.

Ni da nake sa hannu a wannan takarda mai huda murjani ce, benci ɗaya muka zauna da ita a firamare, kuma ina ɗakin asibitin tare da Uwargida Lughia ranar da ta yi wa ƙaninta maganar ƙarshe a kan dutsen. Murya ta riga ta tafi, amma hali yana nan. Ta ce, "Gavì, matso. Ka faɗa wa Ilaria inda yake." Tana nufin Dakta Ilaria Sechi, ɗalibarta kuma mataimakiyarta. Ya ce, "Bastià, kin san abin da Babbu, mahaifinmu, ya ce. Mutum ɗaya, kuma namiji. Ni Allah mata ya ba ni. In na tafi, ya tafi da ni, ba wanda zai taɓa shi." Ta ce, "Tun kana rarrafe kanka ya fi dutsen tauri. Na'urar da na hana kaina, kana tsammani wasu za su hana kansu? Wata rana jirgin baƙi zai bi ta kansa da inji, su kwashe shi tas, kai kana kabari kana riƙe da asirinka." Ya gyara mata bargo, ya ce ta huta, ta cika surutu. A kan haka suka rabu.

Ba za mu yi wa jama'a ƙarya ba: mun ji tsoro. Tun ba a share furannin jana'iza ba muka ga dillalan murjani daga ƙetaren ruwa suna shiga gidan Tedde da takalma masu ƙyalli, mutanen da ba su taɓa gaishe da marigayiya tana raye ba, suna riƙe hannun Gavino fiye da yadda ta'aziyya ke bukata. Shi kuma yana da lasisinsa, yana da haƙƙinsa a al'ada da a doka. Shekarunsa sun ja, gwiwa ta tafi, likita ya gaya masa wannan ce bazararsa ta ƙarshe a ƙarƙashin ruwa, jirginsa kuma ya tsufa tare da shi. Da ya sare Sa Mama ya huta a ragowar kwanakinsa, ba mai bakin zaginsa a cikinmu. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne sauran gidajen, waɗanda su ma alkawarinsu ya faɗi a rana guda. Mun ji ƙarar wasa gatari daga bayan gidaje fiye da ɗaya, kuma kowa ya san maganar da ke cikin kowa: in Tedde ya sara, mu ma mu sara. Gari ya zuba masa ido, shi kuwa ya rufe ƙofa ya ƙi fitowa.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an taso daga coci, mata suna saurin komawa don taliya na kan wuta, sai aka ga Gavino Tedde ya tsaya a kan matakalar ƙofa da baƙar rigarsa ta makoki, ya ɗaga murya yadda ba mu taɓa ji ba. "Duk mai jirgi ya je ya kunna! Mai son gani ya biyo ni, wanda ba shi da jirgi ya shiga na maƙwabci." Fada ya ce, "Gavino, ɗana, lafiya? Jama'a ba su ci abinci ba." Ya ce, "Fada, kai ma taho, abincin ba zai gudu ba." Aka bar tukwane, aka bar yara da kakanni, aka cika jirage da kayan coci a jiki. Ya fita gaba, muka bi shi a jere, kuma a karo na farko tun da aka san gidan Tedde a garin nan, jirginsu ya miƙe sak bai kewaya ba.

Da ya kai inda zai kai ya kashe inji, ya jira kowa ya kashe nasa, ya hau kan gaban jirgi, ya miƙa hannu wajen tudu, ya faɗi alamomin da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, waɗanda uba ya raɗa wa ɗa tun kaka da kakanni, ya maimaita don na nesa su ji, sannan ya juya wajen Dakta Ilaria ya ce, "Ke yarinyar Bastià, kin ji ko in ƙara?" Ba za mu maimaita alamomin a wannan takarda ba, wanda ya je ya ji. Kowa a jiragen nan ya san abin da ya yi, domin dutsen da aka faɗa da ƙarfi ba shi da mai shi har abada. Tziu Nanni ya miƙe a jirginsa, ya ce, "Gavino, ka haukace ne? Gadon gidanku ka zubar a ruwa! Wallahi ubanka na juyi a kabari!" Gavino ya ce, "Bar shi ya juya, Tziu. Ga Bastià can an kwantar da ita kusa da shi, ita za ta yi masa bayani, ni na gaji da shan faɗanta." Aka yi dariya, dariyar ta koma kuka, Gavino ma ya share fuska da hularsa. Sannan ya ce, "Ba ni da ɗan da zan raɗa wa, ba ni kuma da yayar da zan kama wa hannu. Yanzu ba nawa ba ne. Ku tsare shi ko ku cinye shi, ni dai na sauke."

Saboda haka ne yau bakinmu ya buɗe, kuma Ƙungiya take sanar da jama'a matsayinta ba tare da kwana-kwana ba. Abin da Gavino Tedde ya yi bai ceci Sa Mama ba tukuna. Tsirara ya bar shi a hannunmu, domin abin da gari guda ya ji ba zai kwana a gari ba. Ƙungiya ta riga ta miƙa buƙata ga hukumar yanki da jami'an tsaron gaɓar teku cewa a rufe wurin ga kowane irin sara, amma mun san tafiyar takarda a ofis, ba ta san bazara na ƙaratowa ba. Kafin ta fito, jiragen 'ya'yan Ƙungiya za su yi gadin dutsen bi da bi, ba za a bar samansa babu jirgi ba ko na sa'a guda, ko ana iska ko ana lumana. Masu takalma masu ƙyalli da waɗanda suke aikowa su sani cewa duk jirgin da ya tsaya a wurin za a ɗauki hotonsa da lambarsa a kai inda ya dace, kuma matan Portu Arbu sun fi kowace kyamara gani. Majalisar Ƙungiya ta naɗa Dakta Ilaria Sechi ta ci gaba da jagorancin sashen bincike. Za a ɗago allunan bana a lokacinsu, a yi jinyarsu a tankuna, a dasa su a bangon arewa kamar yadda marigayiya ta tsara, maza da mata wuri guda. Na'urar nutso kuma za ta sauka Sa Mama a karon farko, da izinin gari, don a ƙidaya abin da ke wurin a san abin da ake tsarewa.

Daga ranar Lahadi zuwa yau, yawancin gidajen da suka yi wa marigayiya alkawari sun bi sawun Gavino, kowa ya ja jirage zuwa nasa dutsen ya faɗa da ƙarfi, wasu da murna, wasu kamar ana cire musu haƙori. Saura gida biyu, har da na dattijonmu Tziu Nanni Fiori, wanda ya aiko mana cewa shi ba mahaukaci ba ne, amma kuma ya mayar da gatarinsa cikin akwati. Ƙungiya ba ta tilasta kowa. Ta dai san hanyar gidajen, ta san lokacin da ake ɗora kofi, kuma ta koyi naci a wurin gwana. Mun sani sarai cewa murjani ba ya sauri, reshen da aka dasa bana sai jikokin jikokinmu ne za su ga ya yi kaurin yatsa, kuma babu ɗaya daga cikin masu gadin yau da zai huda dutsen wuya daga cikinsa. Da saninmu muka ɗauki aikin, ba kuma za mu ajiye ba.

A madadin Shugaban Ƙungiya, da Majalisar Dattawanta, da masu nutso, da masassaƙa, da masu huda, da ɗaliban ɗakin tankuna, muna miƙa ta'aziyyarmu ga babban mai nutso Gavino Tedde, da uwargidansa Lughia, da 'ya'yansu mata waɗanda marigayiya ta riƙe kamar ita ta haife su, da ɗaukacin zuriyar marigayi Tziu Pantaleo Tedde. Haka kuma ga Mai Girma Magajin Gari, da Mai Alfarma Fadan cocinmu, da shehunan malaman jami'o'in da ta yi aiki da su, da ɗalibanta da ke warwatse a gaɓoɓin duniya. Mun yi rashin da ba mu san yadda za mu cike ba, kuma muna kewarta, har faɗan nata muna kewa. Allah ya ji ƙanta, ya yafe mata kurakuranta, ya ba ta hutawa ta har abada a cikin haskensa. Allah ya ba iyalinta haƙuri da juriya, ya ƙarfafa zuciyar ƙaninta a kan abin da ya sauke da abin da ya ɗauka, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar da aka jefa mana a tsakiyar teku.

A ƙarshe, iyalin sun roƙi a sanar da masu zuwa gaisuwa daga nesa cewa Uwargida Lughia da 'ya'yanta suna gida suna karɓar baƙi, amma kada kowa ya ɓata ƙafarsa neman Gavino a can. Shi ya nemi a ba shi zagayen gadi na farko, kuma da lokacinsa ya cika aka je canjinsa ya ce bai gaji ba. Yana kan ruwa, a saman dutsen da ba nasa ba, da burodinsa da butar kofinsa, babu gatari a jirgin. Duk mai son yi masa ta'aziyya ya sauko matsayar jirage ya tambayi kowa ya gani, namiji ko mace, za a kai shi.

Sa hannu:
Pietrina Masala
Kakakin Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Nutso, Masassaƙa da Masu Binciken Murjani ta Portu Arbu, Sardiniya